Ledar da Ke Jikin Takardar Kakanku

Kwanakin baya Asiya ta tsaya a falo tana kallon takardar nan ta kakanku da ke rataye a bango, ta ce ta ji labarin akwai masu iya ɓare leda daga jikin tsohuwar takarda ba tare da ta yage ba, in na amince za ta nemo su. Mustafa ya yi dariya, ya ce shi abin da yake ɗaure masa kai ma shi ne yadda aka yi leda ta shigo gidan nan tun farko, gidan da ko takardar haihuwa ba a yarda a kai ta laminetin ba, har abokansa suna yi masa tsiya idan ya fito da takardunsa a cikin fayil kamar lauya. Na ce a bar ta yadda take, ban ƙara komai ba, don kun san ni da nauyin baki. Daga baya na ji mahaifiyarku a kicin tana gaya muku wai wani ɗan Nijar ne ya yi mini karambani a Dubai, ya ɗauki takardar ba da sanina ba ya kai aka rufe ta. Ban san inda ta samo wannan ba, wataƙila haka ta fassara shirun da na daɗe ina yi. Mamane, ɗan Nijar ɗin da take nufi, bai taɓa takardar ba ko da ɗan yatsa. Ni na kai ta da hannuna, ina sane da abin da injin zai yi mata, kuma ga yadda aka yi.

A shekarata ta biyu a Dubai ne. Na je karatun adana bayanai da tsara ɗakin karatu, ina zaune a Hor Al Anz, a wani flat mai ɗaki biyu da muka haɗu mu uku. Akwai Bashir, ɗan Kaduna, yana aikin haɗa na'urorin kwamfuta a wani kamfani, mutum ne da kullum yake da hanyar da ta fi sauƙi ta yin kowane abu. Akwai Mamane, mutumin Damagaram, yana aiki da masu cargo, masu aika kaya ƙasashe, a Deira. Ya yi bokonsa da Faransanci, kuma rabin falonmu katan-katan ne na mutanen da suka ce gobe za su zo su ɗauka. Ni ne ƙaraminsu, ni ne kuma marar magana, Mamane yana kirana Professeur. Idan baƙi suka cika falon ranar hutu ana cin shinkafa a faranti ɗaya, nakan ci nawa in koma ɗaki in turo ƙofa, ba don ba na son su ba, sai don ban san abin da ake cewa ba idan an gama gaisawa.

A lokacin ana haƙa hanyar jirgin ƙasa a Al Rigga, an kakkafa alluna a gefen titi, mai tafiya a ƙasa sai ya yi ta zagaye. A irin zagayen nan ne wata rana na faɗa wani lungu, na ga ƙaramin shagon wani dattijo Ba'indiye, Mista Firoz, mai sayar da tsofaffin kan sarki da kwabbai da taswirori. Sanyin na'ura kawai na shiga sha. A bayan teburinsa akwai wata takarda mai kauri da ta yi launin ƙasa, da rubutu mai lanƙwasa, da sunan wani mutum da aka cike da alƙalami a tsakiyar layi. Na daɗe ina kallonta har ya tambaye ni ko na san mece ce. Na ce na taɓa ganin irinta sau ɗaya ina yaro, a ƙasan adakar mahaifina. Ya cire tabarau ya dube ni da kyau, sannan ya turo mini kujera.

Takardar naɗi ce, wadda ake ba soja ranar da ya zama hafsa, da sa hannun shugaban ƙasarsu ko sarkinsu, da hatimi. Mista Firoz yana sayar da duk abin da ke shagon, amma masu kyan waɗannan ba ya sayar da su. Yana tara na hafsoshin sojan sama da aka naɗa ana tsakiyar yaƙi, domin a cewarsa takardar lokacin yaƙi daban take. Da gaggawa ake buga ta, a kan abin da aka samu, wata ma sai ta isa gidan mutum bayan an riga an kawo labarin mutuwarsa. Yana da na Turawan Ingila, da na Indiyawa, da na Faransawa, da kaɗan na Masarawa. Yawanci jikoki ne suke sayar da su, a kwali ɗaya da tsofaffin hotuna, idan za su tashi daga gida. Na fara komawa duk Juma'a bayan masallaci ina taya shi jerawa, shi kuma yana bar mini waɗanda suka ɗan lalace ko waɗanda yake da irinsu. Da haka na fara nawa akwatin. Shi ya koya mini duk abin da nake takura muku da shi yau. A wanke hannu da sabulu a bushe kafin a taɓa, kada a ninke, kada a liƙa salatif, kada rana ta gani, kada biro ya zo kusa sai fensir. Kowace takarda a rubuta mata ɗan kati, waye mai ita, daga ina ta fito, ta hannun wa da wa ta biyo har ta iso. Wata rana ya zaro mini wata daga can ƙasan durowa, ta wani matuƙin jirgi da iyalinsa suka rufe da leda a injin zafi. Gam ya ratsa cikinta, tawada ta baje, hatimin ya kwanta.

“Wannan ta mutu,” ya ce. “Sun so ta, suka kashe ta. Ko ƙamshinta ba za ka ji ba. Ka tuna, ba rubutun muke tarawa ba, rubutu ana sake bugawa. Takardar da mutumin ya riƙe muke tarawa.”

'Ya'yansa suna Kanada, babu mai sha'awar shagon a cikinsu. Ya fara ce mini in na gama karatu zai nema mini visa in zauna tare da shi, domin bai taɓa samun mai hannu mai sanyi irin nawa ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, amma a raina na riga na zaɓi inda zan sa teburina. A flat kuwa akwatin nawa ya zama abin raha.

“Professeur, wai waɗannan mutanen danginka ne?” in ji Mamane.

“A'a.”

“Sun san ka?”

“Sun mutu.”

“Bon. Mutum ya baro Kano ya zo Dubai yana renon takardun matattun Nasara. Allah ya ba da lada.”

Kakanku hafsan sojan sama ne a lokacin yaƙin basasa, amma bai taɓa tuƙa jirgi ba. Aikinsa a ƙasa yake, kula da gyaran jirage da masu gyaran. An naɗa shi ana cikin yaƙin yana saurayi, kuma bayan ya bar aiki bai ƙara ɗaga maganar ba. Ya koma kiwon kaji a bayan gari har unguwa ta manta da sojansa, yara suna ce masa Baba mai ƙwai. Takardar tana ƙasan adaka a ninke huɗu, tare da rigar da ta daina shigarsa. A shekarar da nake ba ku labari ciwon suga ya gama da idonsa, haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya bar wa yayana gonar kajin ya koma zaman ƙofar gida. Umma ta gaya mini a waya cewa ya sa an fito masa da takardar, kullum bayan la'asar yana zama da ita a cinya yana shafa hatimin da babban yatsa, domin hatimin irin mai tudun nan ne da ake matsawa a jikin takarda, ba na tawada ba. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya miƙa masa ya ce ya karanto da ƙarfi. Na ji daɗin labarin, na kuma ji tsoro, don na san abin da gumi da damina da ninki suke yi wa takarda.

Gwaggo Ladi, ƙanwarsa, tana zuwa Dubai sarin abaya da turare. A zuwanta na wannan karon ta kira ni masaukinsu a Deira, ta zazzage mini saƙon Umma, kuka da daddawa da yaji, sannan ta zaro wani abu daga ƙasan jakar, an sa shi tsakanin kwali biyu an ɗaure da ɗankwali.

“Ga amanar yayana. Ya ce a yi mata laminetin, irin mai kaurin nan. Ya ce injin gida yana ƙona takarda, ta maƙwabcinsu an kai ta dawo da baƙi a gefe, kuma tasa ta fi bakin injin faɗi. Ya ce kai ka san kan takarda.”

“Gwaggo, ai ba a yi wa irin wannan laminetin.”

“To ni dai ba ruwana, 'yar aike ce. Ranar da na gama sari zan tashi, kuma ba zan shiga gidan nan hannu rabbana ba. Ka san halinsa.”

Da na koma flat na wanke hannu na kwance ɗankwalin. Ninkin tsakiya ya fara tsagewa, gefe ɗaya ya yi laushi kamar tsumma, akwai tabon shayi a sama ta dama. Sunansa yana nan da tawada baƙa, rubutun wani akawu mai natsuwa. Hatimin yana ƙasa ta hagu, ya ɗan yi duhu saboda shafa, amma yana tsaye, duk zanensa ana ji a yatsa. Ta fi duk abin da ke akwatina lalacewa, kuma ita kaɗai ce a ɗakin da na san muryar mai ita. Washegari na sayi katin waya na kira gida, Umma ta kai masa wayar ƙofar gida.

“Nasiru, ta iso?”

“Ta iso, Baba. Amma akwai wata hanyar. Akwai wani aljihun leda marar gam, ana zura takarda a ciki, ba ya yi mata komai. Da shi masana suke aiki.”

“A buɗe yake?”

“Gefe ɗaya a buɗe yake.”

“To in ta zame ta faɗi, wa zai gan ta? Ni? Kwanaki ɗan yayanka ya kifar da kofi a kanta ina zaune, ban sani ba sai da na ji sanyi a cinyata. Tun daga nan kowa sai Baba a hankali, Baba kawo a ajiye maka. Ni so nake in riƙe abata ba mai tsaye a kaina.”

“Baba, in aka yi ba a warwarewa. Kuma hatimin zai kwanta. Ba za ka ƙara jin sa a yatsa ba.”



“Na san inda yake,” ya ce. “Ka yi abin da na ce, Allah ya yi maka albarka.”

Ranar Juma'a na kai wa Mista Firoz ita ya gani. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa farar takarda a teburi, ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi ta layi layi. Ya sunkuya ya shinshina, ya tambaye ni ƙamshin mene ne wannan. Na ce na miyar gidanmu ne, a jaka ɗaya suka taho. Ya yi dariya, kuma ina jin wannan ce kaɗai dariyarsa da na taɓa gani. Ya ce duk tsawon shekarunsa a wannan harka bai taɓa riƙe ta hafsan sojan sama daga Afirka ta Yamma ba, bai kuma san wanda yake da ita ba. Akwai taron masu tara irin waɗannan kaya da ake yi a zauren wani otal idan sanyi ya shigo, ya ce a tsakiyar teburinsa zai sa ta, ni kuma in tsaya in yi bayaninta. Tsagewar ba komai ba ce a wurinsa, akwai siririyar takarda da ake gyara irinta da ita. Sai da ya gama na gaya masa abin da aka aiko ni yi. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye gilashin ya yi tunani, irin na mutumin da aka kawo wa aikin da ya iya.

“Ka yi mata hoto mai launi a kan takarda mai kauri,” ya ce. “Ka rufe hoton da leda ka aika. A cikin leda ko mai ido ba zai bambance ba, balle shi. Hatimin kuwa ka riga ka gaya masa zai kwanta. Shi ya samu abin riƙewa, jikokinka su samu takarda. Wa aka cuta?”

Na mayar da ita cikin kwalinta na koma flat. Bashir da ya ji shawarar ya ce dattijon nan ya yi kai, ya tafi da ni ofishinsu ranar da babu kowa, muka ɗauki hoton a wani babban inji. Ya fito har da tabon shayin, har da tsagewar, har da inuwar hatimin. Na ajiye su gefe da gefe a kan gado, daga bakin ƙofa ni kaina sai na matso nake gane ta asali. Da rana muna cin abinci maganar ta taso.

“Khalas, an gama,” in ji Bashir. “Ko a ofis haka muke yi, a ajiye na asali a yi aiki da kwafi. Tsoho zai ji daɗi, takarda za ta tsira. In ya ga dama ya jiƙa ta a kunu.”

“Ni dai a cargo,” in ji Mamane, “in mutum ya ba ni katan ya ce kai mini Yamai, ba na buɗewa in ce wannan shaddar ta fi ƙarfinsa, bari in sa masa mai kama da ita.”

“Shadda daban, tarihi daban, malam. Shadda tana kasuwa. Wannan in ta tafi ta tafi. Kai in mahaifinka ya ce ka ba shi suga alhali likita ya hana, ba shi za ka yi?”

“Suga kashe shi zai yi. Leda kuwa me za ta yi masa? Mai tarihin yana ƙofar gida yana jira, mon frère. Na cikin akwatin Professeur su ne ba su da kowa.” Ya juyo gare ni. “Kai kuma ka yi magana mana, ubanka ne ko namu?”

Na ce ina tunani.

“Yana tunani. Yalla, miƙo miyar kafin ya gama.”

Ba maganar Mamane ce ta yanke mini hukunci ba, domin a ganina har yau hujjar Bashir ta fi tasa ƙarfi. Abin da ya faru ƙarami ne. Na yanke shawarar bin Mista Firoz, na zauna in rubuta wa takardar katinta kafin in sa ta a akwati, kamar yadda nake yi wa kowace. Na rubuta sunan mai ita, da muƙaminsa, da yaƙin. Na iso layin da ake faɗin yadda takarda ta shigo hannu. A sauran katunan abin da ke nan shi ne daga iyalin marigayi, ko daga wani shago a gari kaza. A wannan sai dai in rubuta cewa mai ita yana raye, ya nemi a mayar masa, aka ba shi kwafi bai sani ba. Ban iya rubuta haka ba, ban kuma taɓa barin wannan layin babu komai ba, ban taɓa sa abin da ba shi ne ba. Na daɗe da fensir a hannu. Daga ƙarshe na mayar da katin cikin kwalinsa.

Gwaggo Ladi ta kira ta ce kayanta sun shiga cargo, saura ita. Mamane ya san wani shago a Al Rigga mai babban inji, inda suke rufe takardun kaya, ya raka ni da hantsi. Na tafi da su duka biyun a fayil ɗaya, ban san dalili ba. Mai shagon ya buɗe fayil ɗin ya dubi wannan ya dubi waccan.

“Wacce, habibi?”

Na nuna masa ta asali. Ya ɗaga ta ya ce tsohuwa ce sosai, na tabbata? Na ce na tabbata, amma ya bar ni in shimfiɗa ta da kaina. Na nemi wurin wanke hannu, ya nuna mini yana kallon Mamane, Mamane ya ɗaga kafaɗa. Na share ta da burushi mai laushi, na daidaita bakin tsagewar har layukan rubutun suka haɗu, na kwantar da ita a tsakanin ledar, na roƙe shi ya rage zafin injin gwargwadon yadda gam zai kama. Ta shiga a hankali ta fito ta ɗaya gefen da ɗumi. Sa hannun shugaban ƙasa ya ɗan baje, ya koma shuɗi-shuɗi a gefe. Na sa babban yatsa a ƙasa ta hagu, santsi kawai kamar gilashin taga.

“Voilà,” in ji Mamane. “Ta yi kyau wallahi.”

Kuma ta yi kyau ɗin, in mutum bai san abin da yake dubawa ba.

Kafin in kai wa Gwaggo na biya ta shagon Mista Firoz, domin ban so ya ci gaba da tanadar mata wuri a teburinsa ba. Yana shan shayi. Ya miƙo hannu ya karɓa haka nan, bai tashi ya wanke ba, kuma wannan ya fi duk abin da ya faɗa daga baya shiga raina. Ya juya ta gaba da baya ya ajiye kusa da kofin.

“Yanzu ana iya cin abinci a kanta,” ya ce. “Na ɗauka kai mai tarawa ne.”

Na ce tana da mai ita.

“Duk suna da masu su. Shi ya sa suke ƙarewa. Shekara nawa zai riƙe ta? Ita kuwa da ta ga jikokin jikokinka.”

Bai kore ni ba. Na ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, yana amsa gaisuwata, yana sayar mini da abin da na nuna. Amma ya daina kirana idan sabon kwali ya iso, ya daina barina ni kaɗai da durowar, maganar visa kuma ba ta ƙara tasowa ba. Da sanyi ya shigo aka yi taron, na je na zagaya kamar kowa. A tsakiyar teburinsa akwai ta wani Bafaranshe. Ya gaishe ni da kai ya ci gaba da magana da wanda ke gabansa. Da na gama karatu na tattara akwatina na dawo gida na nemi aikin da kuka taso kuka same ni a ciki. Da na zauna a Dubai da ban haɗu da mahaifiyarku ba, amma wannan ba hujja ba ce, a lokacin ban san da ita ba, teburin nan kawai na sani, kuma na so shi.

A hutun farko bayan rufe takardar na zo gida na tarar da kakanku a ƙofar gida bayan la'asar, yana fifita da ita. Da ita yake korar ƙuda, da ita yake nuna wa yara hanya in ya aike su. Ɗan yayana ya karɓa ya ɗora a ka ya ruga cikin yayyafi ya dawo, babu wanda ya ce a hankali. Samarin da suke zama a dakalin maƙwabta sun karanta masa ita har sun haddace, sun daina ce masa Baba mai ƙwai, sun koma Ofisa. A wannan hutun ne na fara jin yana ba da labarin filin jirgin da ya yi aiki, da wani makanikinsa da yake gane ciwon inji da kunne, da waɗanda suka tashi da safe ba su dawo ba. Yana magana takardar tana cinyarsa, babban yatsansa yana ƙasa ta hagu yana zagayawa a kan santsin leda. Na durƙusa na gaishe shi, ya lalubo kaina ya dafa.

“Aikin Dubai daban ne,” ya ce. “Ko kumfa ɗaya babu.”

Bai ƙara cewa komai a kanta ba har ya rasu, ni ma ban gaya masa akwai kwafi ba. Kwafin yana cikin akwatina har yanzu, da katinsa, an rubuta kwafi a sama. Wanda yake son ganin yadda hatimin yake a da, a can zai gani, domin inuwarsa ta fi fitowa a hoton.

Mista Firoz bai yi kuskure ba. Takardar tana ƙara ja a cikin ledar, gam yana cin ta a hankali, kuma ba na jin jikokinku za su iya karanta sunan. Duk wanda ya kawo mini tsohuwar takarda a wurin aiki ya ce zai rufe ta, ina hana shi, kuma zan ci gaba da hana ku. Amma ke Asiya, gobe da safe ki sauko da ita daga bango ki tsaya kusa da taga ki karkata ta. A ƙasa ta hagu za ki ga wani wuri kamar girman kwabo inda ledar ta dushe ta daina ƙyalli. Ba injin ne ya yi shi ba, ranar da ta fito daga inji babu shi. Daidai kan hatimin yake, bai kauce ko kaɗan ba. Masu ɓarewar nan da kika ji labari, in sun iya aikinsu, za su miƙo miki takardar ne su jefa ledar a kwandon shara.